Farfaɗo da Tsohon Ƙaramin Kan Jirgin Lantarki: A Bi Hanyar Wuta Kafin a Sayi Komai

Yawancin ƙananan kawunan jirgin ƙasa na lantarki, wato samfuran wasa masu kwaikwayon jirgin gaske, da ake cewa sun mutu ba mutuwa suka yi ba. Dauɗa ce ta tare wa wuta hanya, ko kuma tsohon giris ya daskare ya riƙe giya. Kan jirgin da ya shekara talatin a cikin kwali zai iya tashi da sifirit da tsinken sakace da ɗigon mai uku ko huɗu, muddin an bi aikin daki-daki. Abin da ke kashe su da gaske shi ne gaggawa: a ɗora shi a kan dogo, a murɗa wuta har ƙarshe, ya yi gurnani bai motsa ba, a ci gaba da riƙewa har kwayil, wato naɗin wayar da ke cikin injinsa, ya ƙone.

Saboda haka kada ka ba shi wuta tukuna. Fara sanin wane iri ne a hannunka.

Juya shi ka dubi cikinsa. Idan ka ga wani dogon ƙarfe mai santsi kwance a tsakanin ƙafafun, to na tsarin kamfanin Märklin ne, mai ɗaukar wuta daga 'yan ƙusoshin tsakiyar dogo. Tsofaffinsu wutar AC suke ci, har zuwa bolt 16, kuma ana juya musu alkibla ne da ɗan bugun wuta na wajen bolt 24. Idan babu wannan ƙarfen, mai dogo biyu ne, wutar DC daga sifili zuwa bolt 12, kuma ƙa'idarsa ita ce ya yi gaba idan dogon dama ne ke ɗauke da fositib. Ba a haɗa su. Motar DC, wato ɗan injin lantarkin da ke juya ƙafafun, da aka ba wutar AC karkarwa kawai za ta yi tana zafi har ta ƙone. Sannan ka auna faɗin da ke tsakanin dogayen da zai hau: milimita 16.5 na sikelin HO ne, wato kashi 1 cikin 87 na girman jirgin gaske, kuma OO na Ingila mai kashi 1 cikin 76 shi ma wannan faɗin yake hawa. Milimita 9 na sikelin N ne, kashi 1 cikin 160. Alƙaluman da zan kawo a nan na HO ne.

Akwai abu guda da ya bambanta kan jirgin lantarki da na dizal ko na tururi, kuma yakan rikita mutane. Jirgin gaske daga wayar sama yake shan wuta ta wannan hannun ƙarfe mai naɗewa da ke kan rufinsa, fantogiraf. Yawancin samfuran Turai na da can suna da ɗan makunni, a ƙarƙashin bodi ko a kan rufi, da ke zaɓar ko wuta ta shigo daga dogo ko daga wayar sama. Idan makunnin yana ɓangaren sama alhali kai ba ka kafa waya ba, jirgin zai yi shiru kamar gawa ko da lafiyarsa ƙalau. Duba wannan kafin ka kwance sukuru ko ɗaya. Makunnin kansa yakan yi tsatsa, don haka ka ɗiga masa sifirit ka kai shi ka kawo sau da yawa.

Buɗe bodi

Shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ka tanadi kwano mai zurfi don ƙananan kaya, ka ɗauki hoto da waya a kowane mataki. Hoton wayoyi ya fi komai amfani, domin bayan kwana biyu babu mai tuna wace waya ce ta bi ta ƙarƙashin wace. Wasu bodin sukuru ɗaya ne ke riƙe da su, wani lokaci a ɓoye ƙarƙashin kayan rufi, wasu kuma 'yan maƙalai huɗu ne na roba a gefe. Irin waɗannan ana cusa siririn kati a kowane maƙali sannan a ɗaga. Kada a banƙare da sukundireba, tsohuwar roba karyewa take yi ba lanƙwasawa ba. Ka sauke fantogiraf ka kulle shi kafin ka kwantar da jirgin a kan bayansa, kuma ka kwantar da shi a cikin soso mai rami.

Da zarar shasi ya bayyana, dube shi da kyau. Yawancinsu da garwayen ƙarfen zinki ake zuba su. Idan ka ga ya kumbura, ko ya yi tsage-tsage kamar busasshiyar laka, ko ya karkace har bodi ba ya zama daidai, to ciwon zinki ne, wanda ke samuwa idan dalma ta gurɓata ƙarfen tun wurin narka shi. Ba shi da magani. Gam na iya riƙe shi na ɗan lokaci, amma ƙarfen zai ci gaba da kumbura. A nan sai dai a nemi shasin wani kan jirgin irinsa. Gara ka san wannan tun da wuri da ka ɓata mako guda a kan mota.

Daga ƙafa zuwa mota

Wuta tana tashi daga dogo ta shiga ƙafa, daga ƙafa ta bi siririn ƙarfen jan gaci da ke gugar bayanta, ta bi waya ta isa buroshi, wato ɗan sandan gawayi a jikin mota, daga buroshi ta shiga kwamiteta, jan ƙarfen da buroshin ke gugawa, da kwayil, sannan ta koma ta ɗaya ɓangaren. Kowace mahaɗa a wannan hanya wuri ne da dauɗa ke iya zama. Bi su ɗaya bayan ɗaya da mita, wato na'urar auna wuta, a ma'aunin om.

Ƙafafu tukuna. Baƙin dattin da ke manne a kansu cakuɗen mai ne da ƙura da toka ta tartsatsin wuta. Jiƙa auduga mai tsinke da sifirit na isofurofil, mai ƙarfin kashi 99 idan ka samu domin ruwansa kaɗan ne, ka goge har auduga ta daina baƙi. Idan dattin ya yi kauri ka kankare shi da tsinken sakace ko gefen tsohon kati. Ban da wuƙa, ban da samfefa. Ƙafafun suna da siririn shafen nikel, idan ka karce shi ka buɗe wa datti ramukan da zai riƙa zama har abada. Goge bayan ƙafar ma, inda ƙarfen ɗaukar wuta ke gugawa, ka zare gashi da zaren da suka naɗe a sandar ƙafafun da hantsaki. Ƙarfen ɗaukar wutar ya kamata ya ci gaba da taɓa ƙafa ko da ka tura ta dama ko hagu har ƙarshe. Idan yana saki a ɓangare guda, jirgin zai riƙa tsayawa a kwana kawai, mutum ya yi ta zargin dogo. Lanƙwasa shi kaɗan daga gindi. Kada ka matsa da yawa, domin zai koma birki.

Motar ita ce inda ya kamata a zauna a natsu. Ciro buroshin biyu, waɗannan 'yan sandunan gawayi, tare da sifirin ɗinsu. Sifirin ɗin ƙanana ne ƙwarai kuma tsalle suke yi, saboda haka ka yi wannan aikin hannuwanka a cikin farar leda mai nuna ciki. Buroshin da ya cinye ya rage ƙasa da rabin tsawonsa a canza shi. Wanda ya sha mai ya yi laushi shi ma a canza, domin zai ci gaba da shafa baƙin kwaɓi a kan kwamiteta komai wankin da aka yi masa. Sifirin da ya taɓa yin zafi har launinsa ya sauya ya rasa ƙarfinsa, ko da a ido lafiya lau yake.

Kwamiteta ita ce jan ƙarfen nan mai yanka uku ko biyar da buroshi ke gugawa. Goge ta da sifirit har ta yi haske. Sai kuma aikin da mutane suka fi tsallakewa: 'yan ramukan da ke tsakanin yanka da yanka. Garin gawayi da mai suna cika su, kuma gawayi yana ɗaukar wuta, don haka sai ya haɗa yankan da bai kamata su haɗu ba. Alamarsa ita ce mota mai zafi, mai jan wuta da yawa, mai tartsatsi a zagaye, wani lokaci har da hayaƙi. Fiƙe tsinken sakace ka ja shi a cikin kowane rami, daga ɓangaren kwayil zuwa waje, don kada ka tsinka siraran wayoyin da aka liƙa a gindin yankan. Kada ka sa allura, tana ɗaga gefen jan ƙarfen ya koma cin buroshi.

Yanzu auna. Ɗora bakin mita a kan yanka biyu maƙwabta, ka rubuta abin da ta nuna, ka juya ka auna na gaba har ka zagayo. Adadin ya danganta da irin motar, abin lura shi ne su zo kusan ɗaya. Idan wani ya bambanta da sauran da fiye da kashi goma cikin ɗari, akwai kwayil da ya tsinke ko ya ƙone ya haɗe. Sannan auna tsakanin kowane yanka da sandar amecha, wato ɓangaren motar da ke juyawa: bai kamata mita ta nuna haɗi ba sam. Motar da kwayil ɗinta ɗaya ya tsinke tana da hali sananne, sai an tura ta da yatsa take tashi, kuma idan ta tsaya a wani wuri ba ta sake tashi.

Maganar maganaɗisu tana buƙatar hattara. Tsofaffin motoci masu buɗaɗɗen jiki, irin X04 na Tri-ang, da maganaɗisun alniko aka yi su, shi kuwa yana rasa ƙarfi nan take idan aka raba shi da ƙarafan da ke kewaye da shi, ko aka zare amecha ba tare da an ɗora wani ƙarfe ya haɗa bakunansa biyu ba. Don haka idan ba dole ba, ka wanke irin wannan motar a haɗe. Maganaɗisu mai rauni yana sa mota jan wuta da yawa, ta yi zafi, ta kasa jan tarago. Maganinsa biyu ne: a sake cajinsa da na'urar da aka yi don haka, ko a musanya shi da na niyodimiyam mai girma ɗaya. Na biyun ya fi sauƙi, sai dai a kula da alkiblarsa, idan aka sa shi a juye jirgin zai riƙa tafiya baya a inda sauran ke gaba.

Giya da mai

Cire murfin giya ka wanke tsohon giris gaba ɗaya da sifirit da tsohon buroshin haƙori. Girisin da ya shekara da yawa yakan koma tauri har ya hana komai juyawa. Bayan wankin, juya giyar da yatsa a hankali ka ji ko akwai inda take cijewa. Idan motar mai giya ce irin ta murɗin sukuru, kada ka yi ƙoƙarin juya ƙafafun da ƙarfi daga waje, ba sa juyawa ta nan, haƙoran kawai za ka karya. Juya amecha ko filawil, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke kan sandar mota.

Ɗauki gilashin ƙara girma ka dubi giyar robar da ke kan sandar ƙafafu. Roba tana tsukewa da shekaru alhali ƙarfen da ke cikinta ba ya tsukewa, sai ta tsage daga tsakiya zuwa tsakanin haƙora biyu. Jirgin da ke da wannan ciwon yana yin ƙas, ƙas, ƙas sau ɗaya a kowane zagayen ƙafa, yana ɗan ɗingishi. Gam ba ya gyara ta, domin tazarar haƙoran ta riga ta buɗe. Sabuwa ake sawa, kuma gara a canza duka a lokaci guda tunda shekarunsu ɗaya.

Tunda ƙafafun suna hannunka, auna tazarar da ke tsakanin bayan ƙafa da bayan 'yar'uwarta da baniya, wato ma'auni mai baki biyu na auna kauri da tazara. A HO wajen milimita 14.4 zuwa 14.5 ake so. Idan ta yi ƙunci ƙafar za ta cije a mahaɗar layi, idan ta yi faɗi za ta hau kan tsinin mahaɗar ta sauka daga dogo. Ƙafafun da ke da zoben roba don ƙarin riƙo, a cire wanda ya saki ko ya tsattsage a sa sabo daidai girmansa, kuma kada mai ya taɓa shi.

Mai kuwa, kaɗan ne maganarsa. Nemi wanda aka rubuta cewa ba ya cin roba, irin Labelle 108 na ruwa da girisinsu 106, ko makamantansu. Tsoma bakin allura ka ɗauko ɗigo ɗaya ka sa a kowane bushin mota da kowane wurin da sandar ƙafa ke juyawa. Giris ɗan ƙwarya-ƙwarya a kan haƙora biyu ko uku ya isa, juyawa za ta raba shi. Idan kana ganin mai yana sheƙi, ya yi yawa, tsane shi da takarda. Man da ya wuce kima yana gangarawa kan kwamiteta ya jiƙa buroshi, ya sauka kan ƙafa ya bi dogo, duk aikin da ka yi ya koma baya. WD-40 da man girki da man injin mota ba su da wuri a nan.

Gwajin farko

Gwada motar ita kaɗai tukuna, da wayoyi biyu kai tsaye a kan buroshi da mita a jere tana auna amfiya. Fara daga bolt 3 ko 4 ka hau a hankali. Motar zamani mai rufaffen jiki takan ja amfiya 0.1 zuwa 0.3, tsohuwa mai buɗaɗɗen jiki rabin amfiya ko sama da haka kaɗan. Idan ta doshi amfiya ɗaya ba tare da kaya ba, kashe wuta ka koma kan ramukan kwamiteta da maganaɗisu. Idan ta yi daidai, mayar da ita, ka ɗora shasin a kan dogo babu bodi, ka bar shi ya yi zagaye na minti 30 gaba da minti 30 baya a matsakaicin gudu ba tare da tarago ba. Sabbin buroshi a nan suke zama daidai da kwamiteta. Taɓa motar lokaci-lokaci. Ɗumi ba laifi, zafin da yatsa ba ya jurewa laifi ne.

Ka kula da tsohuwar taransifoma. Wayar da robarta ta bushe ta tsattsage haɗari ce ga rai, ba ga jirgi kaɗai ba. Tsofaffin shuɗayen taransifomomin Märklin da aka yi don bolt 220 suna ba da bugun juya alkibla da ya wuce kima a kan bolt 230, kuma wannan yana iya ƙona dikoda, wato 'yar na'urar da ake sa wa jirgi don ya riƙa karɓar umarni ta dogo.

Idan za a sa dikoda

Tsarin DCC, wanda ya samo asali daga kamfanin Lenz na Jamus kuma ƙungiyar NMRA ta Amurka ta mayar da shi ƙa'ida a farkon shekarun 1990, yana barin wuta a kan dogo kullum, wajen bolt 14 zuwa 15 a HO, kowane kan jirgi yana jin umarninsa ta lambarsa. Dikoda ba ta gyara jirgi mara lafiya. Wanda ke tangaɗi a DC zai fi tangaɗi a DCC, don haka sai ya yi tafiya sumul sannan a yi maganarta.

Fara auna iyakar wutar da motar ke ja idan an tsayar da ita: bolt 12, ka riƙe filawil ko ka danne jirgin na daƙiƙa ɗaya ko biyu, ka karanta mita, ka saki. Dikodar da za ka saya ta iya ɗaukar fiye da wannan adadin. Yawancin na HO amfiya ɗaya suke jurewa a kai a kai.

Babban abin da ke ƙona dikoda shi ne wannan: a tsofaffin jirage buroshi ɗaya yakan haɗu da shasi kai tsaye, shasin kuma ya haɗu da dogo. Dole a raba su. Bayan ka cire tsofaffin wayoyi, auna tsakanin kowane buroshi da kowace ƙafa, da kuma shasi. Ƙara ko ɗaya daga mita na nufin akwai sauran aiki, ko a sa wa sifirin rigar roba, ko a shimfiɗa salatif mai jure zafi a ƙarƙashin motar a ɗaure ta da sukurun roba. Launin wayoyin ƙa'ida ce: ja zuwa dogon dama, baƙi zuwa na hagu, ruwan lemo da ruwan toka zuwa buroshin mota, shuɗi shi ne fositib na fitilu, fari fitilar gaba, rawaya ta baya. Sabbin jirage suna zuwa da soket, irin NEM 652 mai ƙafa takwas, sai dai a cusa kawai. Ƙaramar kafasitar da ke haɗe tsakanin buroshin biyu takan dagula yadda dikoda ke daidaita gudu, shi ya sa masu ƙera dikoda da yawa ke cewa a cire ta. Tsofaffin ƙwayayen fitila na bolt 12 suna zafi a DCC har su narka rufi, a musanya su da LED da razista mai om 1,000. Tsohuwar motar Märklin mai kwayil a madadin maganaɗisu ana canza mata shi da maganaɗisu na dindindin kafin a haɗa ta da dikoda ta yau da kullum.

Gwajin farko a kan layin saiti ake yinsa, wato guntun dogon da ake saita dikoda a kai, mai ƙarancin wuta, domin idan akwai kuskure dikodar ta tsira. Sabuwa da lamba 3 take zuwa. Guraben saitin da ke cikin dikoda ana kiransu CV: CV1 lambar jirgi ce, CV2 ƙarfin tashi, CV3 da CV4 jinkirin ɗaukar gudu da na tsayawa, CV5 iyakar gudu. Ɗaga CV2 ɗaya-ɗaya har jirgin ya fara rarrafe a matakin farko. Don saita CV5 akwai lissafi mai sauƙi: a HO, jirgin da ya ci mita ɗaya a daƙiƙa 3.6 daidai yake da kilomita 87 a awa a jirgin gaske. Ka ga ke nan jirgin Suwizalan da ake wa laƙabi da Kada, Ce 6/8 II mai jan kaya a tsaunin Gotthard, bai kamata ya riƙa tsere da 103 na Jamus ba, wanda aka ƙera don kilomita 200 a awa. Idan saiti ya rikice, dikodoji da yawa suna komawa yadda suka fito idan aka rubuta 8 a CV8.

Dogo da wayar sama

Jirgin da ya yi lafiya a tebur amma yana tsayawa a wuri guda a kan shimfiɗa, laifin dogo ne. Ƙarafan da ke haɗa dogo da dogo ba abin dogaro ba ne wajen ɗaukar wuta, suna saki suna tsatsa. A ja manyan wayoyi biyu masu kaurin milimita murabba'i 1.5 zuwa 2.5 a ƙarƙashin katako, a riƙa ɗauko siraran wayoyi ana liƙa su da dalma a gefen dogo na waje kowace mita ɗaya. A DCC ka gwada ta hanyar ɗora tsabar kuɗi a kan dogayen biyu a wuri mafi nisa: na'urar ta yanke wuta nan take, idan ba ta yanke ba wayoyin sun yi siriri. Goge dogo da ƙyalle marar gashi da sifirit. Tsofaffin ƙafafu masu dogon leɓe suna karo da maƙalan siririn dogo irin kod 75 (kod lambar tsayin dogo ce), wani lokaci har da 83, kod 100 ya fi dacewa da su. Dogon kan jirgi mai sandar ƙafa shida zai fi sakewa a kwanar da nisanta daga tsakiyar da'ira ya wuce milimita 420, kuma hawa kada ya wuce kashi 3 cikin ɗari. Idan ka ƙara masa nauyi don ya ja tarago da yawa, riƙe shi da hannu ka ba shi wuta: ƙafafun su iya sulɓewa a kan dogo. Idan suka tsaya cik, nauyin ya yi yawa kuma motar ce za ta biya.

Kan jirgin lantarki da ke tafiya fantogiraf a miƙe babu waya a samansa bai cika ba, a ganina, kuma wayar ta cancanci wahalar kafa ta. Sommerfeldt da Viessmann suna yin turaku da wayoyin. A HO tsayin da aka saba shi ne wajen milimita 69 daga kan dogo. Wayar ba miƙe take bin tsakiya ba, tana karkata dama da hagu daga turke zuwa turke kamar ta jirgin gaske, don kada ta ci rami a wuri ɗaya a kan fantogiraf. A kwana sai an matso da turaku kusa da juna, in ba haka ba wayar ta fita daga kan takalmin fantogiraf, ƙahonsa ya maƙale ya tumɓuke komai. Tura jirgin da hannu a hankali ka bi layin gaba ɗaya da ido kafin ka ba shi wuta, ka goge duk wani tsinin dalma a ƙasan waya.

A DC wayar sama mai wuta tana da amfani na gaske, domin tana ba ka jirage biyu a layi ɗaya kowanne da na'urarsa, ɗaya daga sama ɗaya daga dogo, suna tarayya a dogo guda wajen komawar wuta. Sharaɗinsa shi ne jirgin da ke shan sama ya fuskanci ɓangaren da ya dace, idan aka juya shi ƙafafunsa na komawar wuta sun koma ɗaya dogon. A DCC wannan amfanin ya kau, kuma taɓawar wuri ɗaya tak da fantogiraf ke yi tana yawan yankewa ta rikita dikoda. Bar makunni a ɓangaren dogo, ka cire wayar da ta taho daga rufi ka naɗe bakinta. Fantogiraf ɗin kuma ko ka bar shi ya shafi waya da sifirin mai laushi, ko ka ɗaure shi da siririn zaren kamun kifi ya tsaya milimita ɗaya ƙasa da ita, yadda ido ba zai gane ba kuma babu abin da zai maƙale.